Yadda ake karɓar tikitin waya a bakin ƙofar gidan wasa, daga sayarwa har rufe lissafi

Tun da ƙungiyarmu ta yi wasan kwaikwayo bayan ƙaramar salla, muka shigar da mutane da tikitin da ke cikin wayoyinsu, tambaya ba ta yanke mini ba. Masu shirya daren waƙa sun tambaya, ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo masu wasannin ƙarshen shekara sun tambaya, har wani mai gidan kallo ya tare ni a bakin babbar kasuwa ya ce sai na yi masa dalla-dalla. Na gaji da maimaita magana ɗaya a saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta ta gaba ɗaya.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Hoton da mutum ya nuna maka a wayarsa ba shi ne tikiti ba, domin hoto ana tura wa mutum goma kafin ka ƙifta ido. Tikitin gaskiya shi ne layin da ke cikin rajistarka, wanda ake sokewa sau ɗaya tak. Kuma na tsara matakan ne don ƙofar da za ta yi aiki ko kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ko rezon waya ya gudu. A Maraɗi duk wanda ya shirya ƙofa yana zaton waɗannan biyun za su zauna masa har a tashi, rigima ya shirya.

1. Ƙidaya wurin zama da ƙafarka

Je ka wurin da kanka, ko gidan al'adu na Bawa Ɗan Wardanga ne, ko zauren makaranta, ko filin da aka kewaye da tabarmi. Ƙidaya kujeru da benci, kada ka dogara da "yana cin mutum ɗari biyar" da za a faɗa maka ta waya. Cire na manyan baƙi, cire na ƴan wasa da iyalansu, sannan ka ajiye kujera goma ba ka sayar ba. Za ka ga amfaninsu a mataki na 8.

Ka duba ƙofofi nawa ne, da faɗinsu, da inda fitila take, da ko akwai katangar da mutum zai iya miƙa waya ta kai. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne.

2. Buɗe rajista, ka ba kowane tikiti lambarsa

Takardar lissafi ta Excel ko Google Sheets ta isa. Gida shida nake yi: lambar jeri, lambar sirri, sunan mai saye, lambar wayar da ta biya, ajin kujera, da gidan da za a rubuta lokacin shiga.

Lambar jeri ita ce 001, 002, 003, har zuwa adadin kujerunka. Ita kaɗai ba ta tsare komai, don yaron da ya ga tikitin abokinsa 047 ne ya san akwai 048. Sai ka haɗa mata lambar sirri ta alƙaluma huɗu waɗanda ba su bin juna. Tikiti ya zama 047-8316. Na farkon shi ke kai ka ga layin da sauri, na biyun shi ke tabbatar maka ba ƙirƙira aka yi ba. Ba sai ka zauna kana zaɓen lambobi da ka ba. A Excel na Faransanci rubuta =ALEA.ENTRE.BORNES(1000;9999) ka ja shi ƙasa, a na Ingilishi kuma =RANDBETWEEN(1000,9999).

Gargaɗi: wannan umarnin yana sake lambobin duk lokacin da ka taɓa wani abu a takardar. Da zarar sun fito, kwafe gidan duka ka sake manna shi a matsayin lambobi zalla, ba umarni ba. Idan ka manta, za ka aika wa mutane tikiti yau, gobe ka buɗe rajista ka tarar ba lamba ɗaya da ta dace da abin da ke hannunsu.

In kana son sa haruffa a ciki, ka guji O da I da L, don da dare ana ruɗa su da 0 da 1. Ni dai na bar haruffa gaba ɗaya. Alƙaluma kowa na karanta su, wanda ya yi boko da wanda ya yi allo da wanda bai yi ko ɗaya ba amma yana ciniki.

3. Kuɗi ya shigo kafin tikiti ya fita

Ware lambar waya ɗaya ko biyu da za a riƙa biya ta cikinsu, Airtel Money, Moov Money, Zamani Cash ko NITA, gwargwadon abin da mutanenka suka fi amfani da shi. Mutum ɗaya ya riƙe wayar, shi ne kuma mai cika rajista. Idan hannu biyu suna rubutu a rajista ɗaya, sai ka ga an ba mutum biyu 112.

Tsarin shi ne: mai saye ya biya, ka ga kuɗin a asusunka, ka rubuta sunansa da lambarsa, sannan ka aika masa tikiti. Kada ka juya jerin nan saboda kunya.

Gargaɗi: hoton saƙon biya da mutum ya turo maka ba shaida ba ne. Ana gyara hoto, ana kuma kwafe tsohon saƙo a sake masa kwanan wata a turo daga wata lamba. Buɗe asusunka ka ga ko ya ƙaru.

Sannan farashi ka rubuta shi da alƙaluma da harafin F: 500 F, 1.000 F, 2.000 F. Mu nan da dala muke lissafi, in ka ce "ɗari" wani ya ji 500 F, wani ɗan boko ya ji 100 F ya turo dala ashirin, ku kwana kuna musu. Baƙin da ke zuwa daga Jibiya da Katsina kuwa ka faɗa musu a sefa ne, kuma ka tanadar musu hanyar biya a teburin kuɗi ranar wasan, tunda layukan wayarsu ba na nan ba ne. Ka kuma tuna akwai kuɗin cirewa da kamfanin waya zai yanka a lokacin da za ka fidda kuɗin. Ka yanke tun farko ko za ka sa shi cikin farashi ko ƙungiya za ta ɗauka.

4. Ƙera tikitin

Nau'i biyu za ka yi, don wayoyin mutane iri biyu ne.

Na babbar waya hoto ne mai ɗauke da lambar QR, wannan murabba'in mai ɗigo-ɗigo. Abin da za ka zuba cikin QR ɗin shi ne lambar tikitin kawai, 047-8316. Kada ka sa suna, kada ka sa lambar waya, kada ka sa adireshin intanet. Gwargwadon ƙarancin rubutun da ke ciki, gwargwadon girman ɗigon, kuma manyan ɗigo su ke karantuwa da sauri a gilashin da ya sha ƙura. Idan wurin da kake ƙera QR ɗin ya ba ka zaɓin ƙarfin gyaran kuskure, haruffa huɗu za ka gani: L, M, Q, H. Ɗauki Q ko H. Na H yana karantuwa ko da kusan kashi 30 cikin ɗari na murabba'in ya lalace, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ƙofa ya san yawan wayoyin da gilashinsu ya tsage a garin nan. Baƙi a kan fari za ka yi shi, ka bar masa farin fili kewaye. Masu zanen fasta suna son su rina shi da launin zinariya a kan baƙi don ya yi kyau. Ka ce musu su yi wa fastar ado, su bar QR yadda yake.

Gargaɗi: wasu shafukan ƙera QR suna yin wanda ke bi ta adireshinsu, kyauta na ƴan kwanaki, daga nan ya mutu sai ka biya. Irin wannan kuma ba ya aiki sai da intanet. Gwada abin da ka ƙera: kashe data, ka haska shi. In lambarka ta fito tsirara, ya yi. In adireshi ya fito, watsar da shi.

A ƙarƙashin QR ɗin rubuta lambar tikitin da manyan alƙaluma, da ranar wasa, da ƙofar da mai shi zai bi. Wannan rubutun shi ne zai cece ka duk lokacin da na'ura ta ƙi.

Na ƙaramar waya mai madannai kuwa saƙon SMS ne gajere, wanda bai wuce haruffa 160 ba don kada ya rabu biyu: sunan wasa, rana, ƙofa, lamba. Kada ka raina wannan nau'in. Dattawa da yawa da matan aure da shi za su zo, kuma batirin wayarsu ya fi na masu manyan wayoyi daɗewa nesa ba kusa ba.

Tare da kowane tikiti ka aika saƙon murya na rabin minti da Hausa: a sauke hoton tun daga gida, a zo da caji, kada a tura wa kowa, don tikitin sau ɗaya yake shiga. Maganar saukewa tun daga gida ka nanata ta. A WhatsApp mutum na ganin hoton dishi-dishi ya ɗauka yana cikin wayarsa, sai ya zo bakin ƙofa, inda mutum ɗari uku ke kokawa da rezo ɗaya, ya danna ya ga abin yana ta juyawa.

Alhajin da ya sayi tikiti goma don yaran shagonsa, ka aika masa goma daban-daban, kowanne da lambarsa. Tikiti ɗaya mai cewa "mutum 10" masifa ne, don ba tare za su zo ba, kuma wanda ya zo na bakwai zai rantse shi ne na huɗu.

5. Kayan aiki da abin da za su ci

Ga kowane layi na shiga: waya ɗaya mai kyamara mai kyau, fawa banki da igiyarsa, rajistar takarda, bik biyu, tocila, hatimi da tawadarsa. Sai waya ɗaya ta ajiya ga ƙofar duka, da igiya ko benci na raba layi.

Wayoyin aro ne daga ƴan ƙungiya, Tecno ko Infinix ko Itel da ke aljihunsu ta isa in kyamararta ba ta yi hazo ba. Manhajar karanta QR kyauta ce. Wadda nake sawa ita ce Binary Eye, don ba ta da talla, ba ta neman intanet, kuma tana ajiye jerin abin da ta karanta da lokacinsa. Sai dai irinta karantawa kawai take yi, ba ta sanin ko lambar ta taɓa shiga. Sokewa aikin mutum ne da bik. Akwai masu yin duka biyun, irin pretixSCAN, wadda ke sauke rajista cikin waya ta riƙa nuna kore ko ja ko babu intanet, amma sai in tikitin a tsarin pretix aka ƙera shi tun farko. In taronka bai kai mutum ɗari biyar ba kuma karonka na farko ke nan, fara da bik. Ka koyi ƙofar tukuna.

Abin da za ka saya sau ɗaya ya daɗe shi ne hatimi, tocila da fawa banki. Mai ƙarfin 10.000 mAh yana cika waya sau ɗaya zuwa biyu, ya ishi dare guda. Ka caja shi ka gwada kwana biyu kafin wasa, don akwai masu rubutun 30.000 a jiki da ba su cika waya ko sau ɗaya. Abin da za ka kashe kowane wasa kuwa: buga rajista, kuɗin SMS da data na aika tikiti, kuɗin cirewa, ruwan sha da ɗan abin kabu-kabu na masu ƙofa. Ni ina ware kashi ɗaya cikin ashirin na kuɗin tikiti don wannan. A kujera 400 ta 1.000 F, 20.000 F ke nan. Kwatanta da hoto talatin da aka tura wa abokai suka shige maka: 30.000 F sun tafi, ga kuma mutum talatin da suka biya suna tsaye ba wurin zama.

Gargaɗi: kada wani ya sayar maka da na'urar haska kaya irin ta kanti mai jan layin haske ɗaya. Wannan ba ta karanta QR, ba ta kuma karanta fuskar waya. In dole sai ka sayi na'ura, nemi wadda aka rubuta 2D a kwalinta, ka gwada ta da wayarka a shagon kafin ka miƙa kuɗi.

6. Raba ƙofa da lamba

Nan ne yawancin masu shiri ke faɗuwa, don haka bari in daɗe a kai.

Fara da lissafin lokaci. Mutanenmu ba su zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ana sallame isha'i sai ka ga garin ya zubo maka gaba ɗaya. In kowane mutum ya ci daƙiƙa 10 a ƙofa, mutum 400 a layi ɗaya za su ci daƙiƙa 4.000, wato sama da awa ɗaya. In ya zama daƙiƙa 20, saboda neman hoto da ƙara haske, an haura awa biyu. Babu wanda zai tsaya maka awa biyu, turo ƙofar za su yi. Layi huɗu kuwa, da daƙiƙa 10, minti 17 sun gama.

To amma layi da yawa yana da ramin da ke ƙarƙashinsa. In mutum ya shiga ta layin farko da 047, abokinsa ya bi layi na uku da hoton 047, mai rajistar layi na uku bai san an soke ta ba. Ko manhaja mai tsada kake aiki da ita, in babu rezo wayoyin ba su gaya wa juna abin da ya shiga. Wannan ya taɓa cin mu a wani zaure da ba zan kama sunansa ba. Ƙofa biyu, kowa na soke rajistarsa da gaskiya, amma da aka zauna sai ga mutane jingine da bango har baya. Washegari da muka haɗa takardun muka ga lambobi da dama an soke su nan an soke su can. Ba ma'aikacin da ya ci amana. Tsarin ne ya bar ƙofa a buɗe.

Maganin ba ya cin ko dala. Kowace lamba layi ɗaya kawai take da shi. 001 zuwa 100 layin A, 101 zuwa 200 layin B, haka har ƙarshe. Mai rajistar A shafin A kawai ke hannunsa, ba shi ma da inda zai soke 150 ko da ya so. Rubuta harafin layin a jikin tikiti, ka rubuta shi ƙato a kwali ka rataya sama da kan mutane, inda fitila ke haskawa.

In za ka ware layin mata, kuma ina ba ka shawara ka ware, to tun wurin sayarwa za ka fara: ba mata lambobi daga nasu rukunin, a ce 301 zuwa 400, mata biyu su tsaya a kansa. Mai gida da ya zo da iyalinsa yana so su shiga tare, sai ka ba su lambobi a jere daga rukuni ɗaya. Tambaya ɗaya ce a lokacin saye, tana rage maka surutu mai yawa.

Rufe sayarwa ta waya awa uku kafin wasa, sannan ka buga rajistar da manyan haruffa, kwafi biyu. Duk wanda ya zo bayan haka teburin kuɗi zai je, a ba shi tikitin takarda daga wani rukunin lambobi na dabam mai layinsa.

Gargaɗi: mai duba tikiti ba ya karɓar kuɗi, ko na canji. Teburin kuɗi ya yi nisa da ƙofa aƙalla taku ashirin.

7. Aikin bakin ƙofa

Mutum uku ne a kowane layi, in hali ya yi.

Na farko yana yawo cikin layin tun kafin a iso ƙofa, shi ne ma ya fi kowa rage lokaci. Aikinsa baki ne: "Sannu da zuwa Hajiya, a buɗe tikitin tun yanzu, a ƙara hasken wayar." "Ɗan'uwa, naka B ne, koma wancan layin." "Baba, kawo in nuna muku inda saƙon yake." Duk wanda ya iso gaba, tikitinsa na buɗe.

Na biyu shi ke haskawa. Ya riƙe wayarsa kamar tsawon tafin hannu daga ta baƙo, ya karanta lambar da ƙarfi. Na uku ya nemo ta, ya duba alƙaluma huɗun sirri, ya soke, ya rubuta lokaci, ya buga hatimi. Ga mai SMS ba a haskawa, karantawa kawai ake yi da ido.

In QR ya ƙi karantuwa, abu huɗu ne galibi: hasken wayar baƙo ya yi ƙasa don yana tattalin batir, gilashi ya yi ƙura ko maiƙo, fitila na ƙyalli a kansa, ko an zuƙo hoton har gefensa ya fita. A ƙara haske, a goge da gefen riga, a ɗan karkata wayar. An gwada sau biyu bai yi ba, a bar shi a karanta alƙaluman da ke ƙasa. Kada mai haskawa ya mai da abin gasa tsakaninsa da na'ura alhali mutum tamanin na jira. Lokacin hunturu ka ajiye ƙyalle a aljihu, don kyamarar taka ma tana shan ƙura. Lokacin bazara kuwa, Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, wayar da kyamararta ke kunne ba hutawa tana yin zafi ta fara nauyi, sai a musanya ta da ta ajiya. Wasan rana a buɗaɗɗen wuri irin filin kokawa na Yakuba Ango Kantu yana son rumfa a kan masu dubawa, don a tsakar rana fuskar waya ba ta ganuwa ko an ƙure haskenta.

Gargaɗi: kada ma'aikacinka ya karɓi wayar mutum a hannunsa. In ta faɗi ta fashe kai za ka biya, in saƙon da bai kamata ya gani ba ya shigo ka jawo magana. Mai waya ya riƙe abinsa. Dattijon da ya miƙo da kansa ya ce a nemo masa, a nemo a gabansa yana kallo.

Hatimi shi ke ba mutum damar fita ya dawo, kuma shi ke kashe dabarar miƙa waya ta kan katanga, tunda lambar ta riga ta mutu a rajista. A buga shi a cikin wuyan hannu, ba a tafi ba, don gumi na wanke na tafi. Mata masu lalle ko safar hannu, da duk wanda ba ya son tawada a jikinsa saboda alwala, a ba su ɗan kati mai hatimi, a karɓe shi in sun dawo.

Manyan baƙi ba a tambayarsu waya. Wakilin sarki, jami'an gwamnati, malamai da ƴan jarida suna da takardarsu dabam da mutum mai hankali wanda ya san fuskoki. Sai dai ka rubuta mutum nawa kowanne zai zo da su, don babban mutum ba ya tafiya shi kaɗai, kuma rakiya ba ta da ƙarshe in ba a yi mata iyaka ba.

8. Teburin gyara

Ka'ida ɗaya: ba a musu a bakin ƙofa. Duk abin da ya wuce daƙiƙa ashirin, a ce "Malam, a yi haƙuri a je wancan teburin, yanzu za a duba muku," layi ya ci gaba. A teburin ka zaunar da wanda ya fi kowa sanyin rai a ƙungiyar, mai ɗan shekaru, da kwafi na biyu na rajista duka, da wayar da aka karɓi kuɗi da ita, da fawa banki mai igiya iri biyu, ta USB-C da tsohuwar ƙarama.

Wanda wayarsa ta mutu, ko ya goge saƙon, ko ya bar ta gida: ya faɗi sunansa da lambar da ya biya da ita. In sun dace, a rubuta masa lambar tikitinsa a ƴar takarda da sa hannun mai tebur, ya koma layinsa a soke. Sokewar a layi ake yin ta, ba a tebur ba, in ba haka ba ka sake buɗe ramin mataki na 6.

Wanda aka ce tikitinsa ya riga ya shiga, shi ne mai zafi. Kada a ce masa ɓarawo, don sau da yawa shi ne mai gaskiyar. Ƙaninsa ne ya ɗauki wayar ya tura wa kansa, ko shi da kansa ya sa hoton a status don murna. A nuna masa lokacin da aka soke: "Ɗan'uwa, wannan lambar ta shiga ƙarfe 8:40." Sannan a kira lambar da ta biya. In wayar da ke hannunsa ta yi ƙara, shi ne mai saye, a ba shi ɗaya daga kujeru goman nan da ka ajiye, a rubuta. In ba ta yi ƙara ba kuma ya kasa faɗin sunan mai sayen, teburin kuɗi na nan. Kada ka shiga zaure neman wanda ya riga shi shiga, tashin hankalin ya fi kujerar tsada.

Akwai kuma mai cewa ya biya ba a aiko masa ba. A duba asusun a gabansa. In kuɗin na nan, laifinku ne, a ba shi haƙuri da kujera.

9. Gwaji kwana ɗaya kafin wasa

Tara masu ƙofa a wurin, a daidai lokacin da za a yi wasan, don ka ga hasken da za su yi aiki da shi. Kashe data a wayoyin duka, kashe fitilar ƙofa kamar NIGELEC ta ɗauke, a yi aiki da tocila. Ƴan wasa goma su yi layi: ɗaya da hoton tikitin wani, ɗaya da lambar ƙarya, ɗaya a layin da ba nasa ba, ɗaya ya zo da faɗa yana cewa shi ƙanin shugaban ƙungiya ne. Ƴan wasan kwaikwayo ne, za su ji daɗin wannan fiye da yadda kake zato. Riƙe agogo ka ga daƙiƙa nawa mutum ke ci. In akwai gurup, wato injin ba da wuta, ka tabbatar fitilar ƙofa na kan layinsa, don masu sauti kan ja wutar duka zuwa dandamali su bar ƙofa cikin duhu.

10. Rufe lissafi a daren

Kada ka bari sai gobe. Tattara shafukan, ƙidaya waɗanda aka soke a kowane layi, haɗa da tikitin takarda da kujerun gyara. Kwatanta da kuɗin asusu da na tebur, mutum biyu su sa hannu. Wannan takardar ita za ka nuna wa masu zaure in rabon kaso kuka yi, da ƴan wasa, da ofishin haƙƙin mawallafa na BNDA in lissafi ya taso.

Rajistar na ɗauke da sunaye da lambobin wayar mutane, har da na matan aure. Kada ta kwana a wayoyin masu ƙofa, kada a zuba lambobin cikin wani rukunin WhatsApp ba da izinin masu su ba. Ƙasar nan na da dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP mai kula da ita, kuma tun kafin a kai ga hukuma, mijin da aka kira matarsa daga lambar da bai sani ba zai riga ta isowa wurinka. Kwafi ɗaya ya zauna wurin ma'aji, sauran a ƙone.

In wasan na dare biyu ne, dare na biyu ya samu sabon rukunin lambobi da sababbin alƙaluman sirri, ka kuma sake launin tawadar hatimi. Jiya shuɗi, yau ja, domin akwai yaran da za su kwana ba su wanke hannu ba.